Ɗana Bai Riƙe Karatu Ba, Ga Mai Lambu Yana Son a Kai Masa Shi

Wata uwa daga unguwar Mabera a cikin birnin Sakkwato ce ta aiko da wannan wasiƙa, na taƙaita ta ba tare da na taɓa ma'anarta ba:

"Assalamu alaikum, Malam. Yaron wajena, wanda shi ne na fari, shekararsa 22. Sanƙarau ya kama shi yana da shekara uku, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma tun daga nan fahimtarsa ta yi baya. Da ƙyar ya gama firamare, a aji biyu na sakandare muka cire shi, har yau karatu bai zauna masa ba, ƙirgan kuɗi ma rikita shi yake yi. Ba ya faɗa, yana salla, yana da ƙarfi, yana kuma son dabbobi ƙwarai. Yanzu a ƙofar gida yake wuni, yara na tsokanarsa, 'yan unguwa na ta aikensa. Wani abokin yayana mai lambu a fadamar Kwalkwalawa ya ce a kai masa shi ya riƙa taya su aiki yana koyo, amma babu biya. Mahaifinsa ya ƙi, ya ce za a ce mun gaji da shi mun kai shi bauta. Wata 'yar'uwa kuma ta ce a bar shi ya riƙa bin masu bara ranar Juma'a, tunda ba abin da zai iya. Ina tsoron ruwa, ina tsoron a cuce shi, ina kuma tsoron ranar da babu mu. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar shekara 19 da kike yi tun ranar da ciwon nan ya shigo gidanki, ya kuma sanya ta a mizani. Amsata ita ce ki yarda yaron ya tafi lambun, amma ba a kan sharaɗin da aka kawo miki ba. Maigidanki yana da gaskiya a tsoron da yake ji, ke ma kina da gaskiya da kika ga zaman ƙofar gida yana cinye yaron, kuma akwai hanyar da za a bi a kashe tsoronsa ba tare da an bar yaron a bakin ƙofa ba.

Kafin a yi zancen lambu, akwai abin da nake so a fara dubawa, domin kin ambaci sanƙarau. Cutar nan tana kumbura rufin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma cikin abubuwan da ta fi barin wa waɗanda suka tashi daga gare ta akwai raunin ji da farfaɗiya. Na sha ganin yaron da aka yanke wa hukuncin rashin fahimta, alhali rabin maganar da ake yi masa ba ta isa kunnensa, sai ya riƙa gyaɗa kai don kada a yi masa tsawa. Ku kai shi sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a auna jinsa. Idan kuma ya taɓa faɗuwa, ko yakan ɗauke wuta na ɗan lokaci yana kallon wuri ɗaya ana kira ba ya amsawa, to wajibi ne likita ya gan shi, a can ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, tun kafin ya kusanci rijiya ko bakin gulbi. Na san yadda sunan Kware ke yi wa mutanenmu nauyi a baki, amma jinkirin fahimta daban, taɓin hankali daban, kuma likitocin da ke can sun fi kowa sanin bambancin. Haka nan ba laifi ba ne kawunsa ya leƙa makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman ya nemi shawarar malaman da suka saba koyar da irinsa, ko da shekarunsa sun wuce na zaman aji.

Dalilin da ya sa na goyi bayan lambun shi ne, makaranta ta gwada ɗanki a kan abu ɗaya tak, wato riƙe baƙaƙe da lambobi a ka, a mayar da su ranar jarrabawa, kuma a nan ne ciwon ya yi masa ɓarna. Gona tana tambayar wasu abubuwan da kika lissafa da bakinki cewa yana da su: ƙarfi, haƙuri, sanyin hali da son dabba. Aikinta maimaici ne, abin da aka yi yau shi za a yi gobe, kuma sakamakon a fili yake. Idan ya ba fangali ruwa zai ga ganye ya miƙe, idan ya manta zai tarar ya yi yaushi, ba sai wani ya ja masa jan biro ba. Wanda karatu ya saba kunyatawa yana buƙatar wurin da zai yi abu ya ga ya yi kyau da idonsa.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A 1940 wani likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya, Karl König, wanda ya gudo daga mulkin Nazi, ya buɗe wani gida mai gona kusa da birnin Aberdeen a Sikotilan, inda yara masu raunin fahimta ke zaune tare da masu kula da su, ana noma ana karatu. Daga nan tsarin da ake kira Camphill ya yaɗu, a 1955 aka kafa ƙauyen Botton a Ingila domin manyansu, ya kuma iso har Afirka ta Kudu da Botsuwana. A Holan akwai gonaki sama da dubu da ke karɓar irin waɗannan mutane su yi aiki da rana su koma gida da yamma. Na kawo su ne don maigidanki ya san cewa masu ilmi sun gwada abin sun ga amfaninsa, amma ni a ganina mun riga su. A gandun kakanninmu ba a jarrabawar shiga. Kowane ɗa da abin da ake damƙa masa, wani huɗa, wani korar tsuntsu, wani kiwo, kuma wanda bai da saurin fahimta ba a san shi da wani suna ba face mai kula da awaki. Ƙaurar da muka yi zuwa birni, inda komai sai da takarda, ita ta mayar da irin ɗanki marar aikin yi. Kiwo kuma ba abin kunya ba ne ga ɗan kowa, tunda ya tabbata a hadisi cewa babu annabin da Allah ya aiko face ya yi kiwon tumaki, Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wa mutanen Makka kiwo ana biyansa.

Lokacin da nake aikin malamin gona, na san wani saurayi a wani ƙauye da ke gefen gulbin Rima, wanda ko goma ba ya iya ƙirgawa ba tare da ya tsallake bakwai ba. An yi ta fama da shi a kan tazarar dashen albasa, ana ce masa ya bar kamu kaza tsakanin tsiro da tsiro, shi kuma ya cusa su wuri ɗaya ko ya watsa su. Wata rana wani dattijo ya karyo kara, ya yanke shi daidai tsawon ɗan yatsansa manuni, ya miƙa masa bai ce komai ba, ya duƙa ya dasa guda, ya aza karan, ya dasa na biyu, ya aza, ya dasa na uku, sannan ya tashi ya ba shi wuri. Na tsaya ina kallo. Saurayin ya aza karan, ya huda ƙasa da yatsa, ya sa tsiron, ya danne gindin da babban yatsa kamar yadda ya ga an yi, ya ɗago ya dubi dattijon, dattijon ya gyaɗa kai, shi ke nan. Kafin azahar ya cika fangali huɗu, kuma layinsa ya fi na sauran miƙewa, domin su da ido suke aunawa suna hira, shi kuwa ba ya tsallake karansa ko sau ɗaya. Da aka tashi sai na ga ya goge karan da gefen rigarsa ya sa a aljihu. Shekaru bayan haka, idan dashe ya zo, shi ake fara nema a wannan fadamar.

Yanzu ga inda maigidanki ya yi gaskiya. Kalmar "ya riƙa taya mu aiki yana koyo, babu biya" tana da faɗi, kuma a cikin faɗinta ne ake cutar irin ɗanki, sau da yawa ba ma da mugun nufi ba. Ana farawa da koyo, wata uku ya wuce, shekara ta wuce, yaro ya ƙware a ɗaukar taki da jan tiyo da kwasar buhu, duk aikin da 'yan ƙwadago ke gudu a tura masa saboda ba ya musu, kuma har yau sunansa mai koyo, ladansa kwanon tuwo. Wannan shi ne bautar da mahaifinsa ya hango. Aikin sa kai yana da kyau ga wanda ya san abin da ya bari ya kuma iya cewa ya isa, to ɗanki ba zai iya cewa ya isa ba, saboda haka ku ne za ku faɗa a madadinsa tun kafin a fara.

Abin da nake ba da shawara shi ne a zauna da mai lambun a gaban shaidu biyu, kawun yaron da wani daga dangin mahaifinsa, a yanke wa koyon wa'adi. Kakar albasa ɗaya ta isa: daga dashe a farkon hunturu zuwa cira, wata uku zuwa huɗu ke nan. A cikin wannan wa'adi ba a neman lada, domin gaskiya mai lambun ma zai yi asara, za a tattake masa shuka, zai kashe lokacinsa wajen nuni, kuma adalci ne a san da haka. Amma ko a lokacin koyon, a ware wa yaron kurgarsa, wato abin da wasu ke kira gayauna, ko da fangali biyar ne a gefen lambun. Irin daga gare ku, ruwan daga mai lambu, aikin nasa, amfanin nasa. Ranar da aka cire albasar, shi zai ɗauko ta ya shigo da ita gida, ya ajiye a gaban mahaifinsa. Idan wa'adi ya cika, a sake zama, a duba ayyukan da ya iya yi shi kaɗai, daga ranar kuma duk aikin da ya yi daidai da na ɗan ƙwadago a biya shi kamar ɗan ƙwadago, ko a kuɗi ko a amfanin gona. An umarce mu da ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ba a ce sai mai kaifin basira ba. Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan sharaɗi ba. Idan mai lambun ya ɓata rai don an ce a sa wa'adi, to Allah ya nuna muku shi tun da wuri, ku nemi wani.

Kuɗin da zai samu kada a danƙa masa su dunƙule, kada kuma a narkar da su a cefanen gida a ce ai duk ɗaya ne. Aya ta biyar a Suratun Nisa'i ta yi maganar waɗanda ba su iya juya dukiya ba: a riƙe musu, a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a kuma faɗa musu magana mai daɗi. Ki samu littafi, ƙanwarsa ko ƙanensa mai karatu ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ana karanta masa. Kuɗin farko kuma a saya masa akuya, jar akuyarmu ta Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har ƙetare. Cikinta wata biyar ne, takan haifi biyu, tana da juriya, kuma harawa da dusa da ɗan kanwa sun riƙe ta. Ya bi kawunsa zuwa kasuwar Kara ko ta Achida, a bar shi ya nuna wadda ta kwanta masa, ya riƙo igiyarta da hannunsa har gida. Ƙirgan da ya gagara a allo yakan zauna idan abin da ake ƙirgawa yana kuka yana bin mutum. Kuɗi ma ta hoto za a koya masa: mai hoton Sardauna ita ce naira 200, a bayanta har da shanu da kayan gona, mai mutum biyu ita ce naira 1,000. A fara da takarda biyu, sai sun zauna a ƙara ta uku.

Tsoron ruwa da kike yi, kada kowa ya ce miki wasiwasi ne. Mutanen Sakkwato ba su manta ambaliyar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar jami'a a daidai wannan fadama, kuma ko da rani akwai rijiyoyin lambu marasa murfi da ramukan da ake kafa injin ban-ruwa. Sharaɗi ne kada a aike shi bakin gulbi ko rijiya shi kaɗai, kada ya yi wanka a kududdufi saboda tsargiya, kuma idan likita ya tabbatar da farfaɗiya, aikinsa ya koma wajen dabbobi da rumbu da ruɗun albasa, nesa da ruwa gaba ɗaya. Maganin feshi kuwa, ko kwalbar kada ya taɓa. Masu cikakkiyar fahimta ma suna dama shi da hannu suna cin goro, balle wanda ba ya karanta gargaɗin da ke jiki, kuma na ga inda aka zuba shi a gorar lemo aka ajiye a gindin itace. A saya masa takalmin roba mai tsawo saboda kububuwa da ƙaya, a yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora, a kuma tuna cewa daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, irin ɗanki kuma ba lalle ya ce ya gaji ba, sai dai a ga ya faɗi. Ya fita bayan asuba, ya sauka kafin azahar, da gorar ruwansa.

Amma abin da ya fi tsorata ni ba gulbi ba ne, mutane ne. A cikin 'yan ƙwadago akwai masu shan tiramol da makamantansa don su jure aiki, kuma yaro mai son a yarda da shi, wanda bai taɓa samun abokai ba, da an miƙa masa zai karɓa. Akwai mai mayar da shi abin dariya, akwai mai aikensa da abin da bai san ko mene ne ba, akwai kuma wanda zai nemi ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, don ya san ba zai iya ba da labari a tsare ba. Na faɗi wannan a fili ne domin rufe shi da muke yi shi ke ba azzalumai dama. Maganinsa shi ne kada a damƙa yaron ga lambu, a damƙa shi ga mutum ɗaya wanda aka san sunansa da gidansa, dattijo mai sanyin rai wanda ba ya barin wurin, a ce masa ga amana. Kada ya kwana a can, ko da an ce ana gadin albasa. Wanda zai kai shi ya dawo da shi ya zama sananne, kada ya zama kowane ɗan kabu-kabu. Kuma da yake lambun na kusa da gari ne shi ya sa na amince, da wajen gabashin jihar ne inda 'yan bindiga suka hana mutane gonakinsu, da amsata ta canja. Kullum ya dawo ki zauna da shi yana cin abinci, kada ki tambaye shi ko lafiya, domin lafiya lau zai ce. Ki tambaye shi wa ya ba shi abinci, wa ya zauna kusa da shi, me ya sa shi dariya yau. Ranar da kika ga ya fara ƙin fita, ko barcinsa ya lalace, ko ya daina cin abinci, a dakata a bincika kafin a ce lalaci ne.

Shi dattijon da za a ba amanar, kawun yaron ya roƙe shi abubuwa kaɗan. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, domin idan aka ce masa ya ɗauko garma ya rufe kwararo ya kira wane, na ƙarshen kaɗai zai riƙe. Nuni ya fi bayani. Awo ya zama da abin da ake gani, gwangwani ɗaya na dusa, bokiti biyu na ruwa, igiya mai ƙulli, kuma lokaci ya zama da salla da inuwa tunda agogo bai zauna ba. Idan aiki mai matakai ne, a yi masa na farkon a bar masa na ƙarshe ya kammala, gobe a bar masa biyun ƙarshe, a haka har ya riƙe duka, saboda wanda ya rufe aiki da hannunsa shi ke jin daɗin an gama. A fara da kwana uku a mako. Idan ya yi kuskure a gyara a ɓoye, idan ya yi daidai a faɗa a gaban mutane. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan akwai hali, a nema masa abokin tafiya wanda shekarunsu suka yi kusa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan a bayan fadamar, tana da tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi, ɗaliban aikin gona kuma suna da shekara guda ta aikin hannu a cikin karatunsu. Akwai masu hidimar ƙasa da ake buƙatar su yi wa al'umma wani aiki. A cikinsu ba za a rasa mai tsoron Allah da zai ba da safiya ɗaya a mako ba, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shi, ya duba masa akuyarsa. A nan ne aikin sa kai ya dace, wato mai ƙarfi ya sa kansa domin mai rauni. Mu da muka gaji gayya, bai kamata wannan ya zama baƙon abu a gare mu ba. Shi ma dai a san shi, a san inda ya fito, kafin a sake masa.

Maganar bara ba zan daɗe a kanta ba. Saurayi mai ƙarfi da lafiyar gaɓoɓi, wanda iyayensa ke raye suna ciyar da shi, ba shi da hujjar miƙa hannu, kuma wanda ya saba da ita da wuya ya sake riƙe fartanya. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta amfani da mai naƙasa wajen neman sadaka. Ki gode wa 'yar'uwar, ki ce mata an samu wata hanyar.

Saura yadda za a shawo kan mahaifinsa. Na lura ko a wasiƙarki ba ki kira yaron da suna ba, na kuma san alkunyar ɗan fari, wadda ke sa uwa ta kasa tsayawa a gaban miji da surukai ta yi magana a kansa. Ba zan ce ki yar da ita ba, amma kada ki bari ta zama sanadin da zai ƙara shekara goma a ƙofar gida. Ki tura yayanki ya samu baffan yaron ko wani aminin maigidan da yake jin nauyinsa, su je masa tare, kuma kada su je da maganar cewa ya yi kuskure. Su ce masa tsoronsa ne ya sa aka tsara sharuɗɗa, ga su, ya ƙara nasa. A roƙe shi ya je ya ga lambun da idonsa, shi ya zaɓi dattijon, shi ya kai yaron ranar farko, domin wanda uba ya kai da kansa ya ce ga ɗana, ba a yi masa kallon wanda aka yar. Abin da mutane za su ce kuwa, ai yanzu ma suna cewa, kuma yara na jifansa da sunaye a ƙofar gidan ubansa. Uban da ke jin zafin a ce an kai ɗansa bauta uba ne mai son ɗansa, da wannan son za a ja shi.

Akwai kuma wanda ba a tambaya ba a duk cikin wasiƙar, shi ne mai maganar. Shekararsa 22, namiji ne baligi, ko da fahimtarsa ta yi baya yana da abin da yake so da wanda ba ya so. An ruwaito cewa wata mata mai rauni a hankalinta ta tare Manzon Allah (SAW) ta ce tana da buƙata, ya ce ta zaɓi hanyar da take so ya tsaya ya saurare ta, ya kuma tsaya har ta gama. A kai shi lambun sau biyu ko uku a matsayin ziyara, a bar shi ya zagaya, a ga inda ƙafarsa ke tsayawa. Mai yiwuwa ne ya wuce albasar ya je ya tsuguna wajen turken raguna, to a bi shi can. Idan kuma ya nuna sam ba ya son wurin, kada a tilasta, a kafa masa turke a gida: rago ɗaya da za a yi wa kiwon wata uku ko huɗu kafin Layya, da 'yan buhunan ƙasa a gindin katanga a shuka alayyafo da yakuwa da tattasai. Wannan ma makaranta ce, sai dai ba ta da abokan aiki, shi ya sa na fi son lambun.

Tsoronki na ƙarshe, na ranar da babu ku, ba ni da maganar da za ta kawar da shi, kuma duk uwar da ke da irin ɗanki da shi take kwana. Abin da ke hannunki shi ne ki rage nauyin da zai zama a kan ƙannensa, ki kuma saba musu da shi tun yanzu. Littafin nan da na ce a buɗe, ki ba wanda kika ga ya fi tausayinsa a cikinsu, ya zama shi ke raka shi kasuwa, shi ke sanin awakinsa nawa ne da inda kuɗinsa suke, a kuma sanar da baffansa da kawunsa a gaban mahaifinsa cewa dabbobin nan da abin da suka haifa na yaron ne, ba sa shiga rabon kowa. Ku fara da awon kunnen a makon nan, zaman shaidu ya biyo baya kafin a fara dashe. Idan Allah ya kai mu cirar albasa, ki sake rubuto mini ki faɗa mini buhu nawa kurgar ta bayar da kuma abin da mahaifinsa ya ce da aka sauke ta a tsakar gida. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi mai riƙe shi da amana.